Yadda ake zaɓen ajin da ya dace idan za a sayi sabuwar akori-kura ta shiga daji

Duk wanda ya taɓa shiga wurin sayar da sababbin motoci da niyyar sayen Hilux ya san yadda abin yake. Motoci huɗu ko biyar ne a jere, yawanci farare, sunansu ɗaya, girmansu kusan ɗaya, amma tsakanin ta farko da ta ƙarshe akwai ratar kuɗin da za su sayi ƙaramar mota sukutum. Ka tambayi dillali bambancin, sai ya buɗe maka ƙofa, ya nuna maka kujerun fata da allon da ke gaban direba, ya ce ai wannan ita ce ful ofshin. Ba ƙarya ya yi ba. Amma abin da zai fitar da kai daga laka a watan Agusta ba a cikin ɗakin direba yake ba, yana ƙarƙashin motar.

Kamfanonin ƙera motoci suna ɗaukar mota ɗaya su kasa ta aji-aji, kowane aji da kayan da aka zuba masa da kuma farashinsa. Zan fi kafa misali da Toyota Hilux, musamman zubi na takwas da ya fito a 2015 aka yi ta sabunta shi, domin ita ce ta cika hanyoyinmu daga Kano har Agadas, kuma kowane bakanike ya san cikinta. Zan riƙa taɓo Ford Ranger da Toyota Tacoma inda suka fi haska magana. Hanyar zaɓen dai ɗaya ce, ko wace iri ka nufa.

Mataki na farko: fara da hanyarka kafin ka kalli mota

Ka samu takarda ka rubuta wuraren da motar za ta je a shekara, da watannin da za ta je su. Kada ka rubuta inda kake burin zuwa wata rana, rubuta inda aiki yake kai ka. Kalmar daji tana ruɗin mutane, don ba iri ɗaya ba ne. Rairayin Yusufari da Machina, ko na hanyar Agadas zuwa Dirku, yana son taya mai faɗi da injin da ba ya yanke ƙarfi. Baƙar lakar fadamun Haɗeja da Nguru da damina tana son ƙafafun da ke juyawa tare da taya mai manyan haƙora. Hawan tsaunin Mambila zuwa Gembu yana son ƙaramar giya da birkin da ba ya gajiya. Wanda kuma tafiyarsa Kaduna zuwa Abuja ce bisa kwalta, sai ƙarshen mako ya leƙa gona ta hanyar burji, bukatarsa daban ce gaba ɗaya.

A ƙarƙashin wannan ka rubuta abu uku: wa zai riƙa tuƙa ta, mutum nawa za ta riƙa ɗauka, da kuma garin da bakanikenka yake. Wannan takarda ita za ka riƙe a hannu ranar ciniki.

Mataki na biyu: gida nawa, kaya nawa

Hilux tana zuwa da gida ɗaya, gida da rabi, ko gida biyu mai ƙofa huɗu. Mai gida ɗaya bodinta na baya ya kai kusan mita 2.3, mai gida biyu kuwa wajen mita 1.5 ne kawai. Manyan azuzuwa kusan duk masu gida biyu ne, don haka idan aikinka ɗaukar dogayen kaya ne, wannan mataki kaɗai ya riga ya tsayar da kai a ƙananan azuzuwa, kuma babu laifi a hakan.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne nauyin da aka rubuta cewa mota tana ɗauka ya haɗa da mutanen cikinta da duk wani ƙarfe da aka ɗaura mata. A ce an rubuta kilo 1,000. Maza biyar masu kilo 70 sun cinye 350. Ƙarfen kariya na gaba da injin jan mota, a ce kilo 70. Safaya taya ta biyu da jarkokin mai da na ruwa, a ce 100. Abin da ya rage 480 ne, wato buhun taki tara na kilo hamsin-hamsin. Kuma duk sadda aji ya hau, motar kanta tana ƙara nauyi saboda kayan alatu, abin da za ta iya ɗauka yana raguwa. Ka nemi dillali ya nuna maka wannan adadi na ajin da kake so a rubuce cikin littafin motar.

Mataki na uku: tabbatar mai taimako ce ta gaske

Nan ne ake yawan faɗawa rami. Toyota tana ƙera wata Hilux mai tsayin ƙafa daidai da mai taimako, wato wadda ƙafafunta huɗu ke ja, tayoyinta manya, fuskarta iri ɗaya, amma ƙafafun baya kaɗai ke ja. A Tailan ana kiranta Prerunner, a Ostireliya Hi-Rider, a Afirka ta Kudu kuma Raised Body. Mota ce mai kyau ga mai hanyar burji, ta fi araha, ta fi sauƙin shan mai. Amma ba ta shiga rairayi mai zurfi, kuma takan zo da kujerun fata da duk kayan ƙawa, har mutum ya ɗauka ya sayi ta ƙarshe.

Kada ka dogara da rubutun 4x4 da aka manna a gefen bodi, ana sayar da irinsa a kasuwa. Abu uku za ka duba. Na ɗaya, a gaban direba akwai maɓalli mai murɗawa da aka rubuta H2, H4 da L4 a jikinsa. Na biyu, ka durƙusa ta bayan tayar gaba ka leƙa: a mai taimako za ka ga sandar ƙarfe ta fito daga tsakiyar motar ta shiga cibiyar tayar, da baƙar roba mai ninki-ninki a bakinta. Idan wurin fayau yake, ba mai taimako ba ce. Na uku, wanda ya fi duka tabbas, shi ne lambar samfuri da ke jikin ɗan faranti ko takardar da kamfani ya liƙa a ginshiƙin ƙofa ko a ɗakin inji. A zubi na takwas, GUN125 tana nufin injin dizal na lita 2.4 mai taimako, GUN126 dizal 2.8 mai taimako, TGN126 fetur 2.7 mai taimako, GGN125 kuma fetur mai silinda shida. Idan ka ga GUN135 ko GUN136, to doguwar nan ce mai jan baya kaɗai. Harafin da ke biye da lambar ma yana magana: L sitiyarin hagu ne, R na dama. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, motar da ta dace da hanyoyinmu mai sitiyarin hagu ce daga masana'anta, ba wadda aka juya mata shi a gareji ba.

Ka kuma san irin taimakon da kake saye. Na Hilux na wucin gadi ne: a kwalta H2 ake tafiya da shi, wato jan baya kaɗai, H4 kuma mai jan ƙafa huɗu ana sa ta ne a ƙasa mai santsi ko rairayi. Idan aka bar ta a H4 bisa busasshiyar kwalta, ƙafafun gaba da na baya suna ja-in-ja a kowace kwana, tayoyi su cinye, giyar ta wahala. L4 kuwa sai an tsaya cak an fitar da giya kafin a sa ta, kuma tana ninka ƙarfin ja kusan sau biyu da rabi tare da rage gudu. Wasu manyan azuzuwan Ranger suna da ƙarin matsayi mai suna 4A wanda ake iya barinsa ko a kwalta. Ga mai yawan doguwar tafiya cikin ruwan sama, wannan amfani ne na gaske.

Mataki na huɗu: makullin aksil na baya

Idan abu ɗaya zan ce mutum ya biya ƙarin kuɗi dominsa ba tare da dogon tunani ba, to wannan ne.

A tsakiyar aksil na baya akwai wani tulun giya da ke bai wa tayar hagu da ta dama damar juyawa da gudu daban-daban, don mota ta iya shan kwana lami lafiya. Illarsa ita ce ƙarfi yana gudu zuwa tayar da ta fi samun sauƙi. Ka kwatanta motar ta shiga kwazazzabo a karkace: tayar gaba ta hagu ta ɗaga sama, ta baya ta dama tana cikin taɓo. Kana taka totur, inji yana ruri, tayar da ke cikin taɓo tana watsa laka har saman bodi, wadda ke sama tana juyawa a iska, biyun da suke dafe da ƙasa mai ƙarfi kuwa ko motsi ba sa yi. Taimako a kunne yake, amma motar ba ta gusa ko taku ɗaya ba. Makullin aksil yana haɗe tayoyin baya biyu su zama abu ɗaya, wadda ke kan ƙasa mai ƙarfi dole ta juya, motar ta fito.

A Hilux mai taimako, makullin yana shiga ne bayan an sa L4, kuma ana danna shi a tsaye ko ana tafiya ƙasa da kilomita 8 a awa. Idan ya kama, fitilarsa a gaban direba tana daina ƙiftawa ta tsaya, wasu fitilun gargaɗi kamar na ABS su kunnu. Hakan ba lalacewa ba ce, haka aka tsara. Da an fita daga wurin a kashe shi, don mota mai kullen aksil ba ta son shan kwana.

Matsalar ita ce babu wata doka da ta ce aji kaza yana da shi. A wata kasuwa kusan duk masu taimako suna zuwa da shi, a wata kuma sai an hau aji, a wata ma babban aji ya zo babu. Misalin Tacoma ta Amurka ya isa darasi: akwai TRD Sport, akwai TRD Off-Road, farashinsu kusa da juna. Ta farkon ita ce mai kyan gani, har da ƙofar iska a kan bonet, amma ta biyun ce ke da makullin aksil. Wanda ya zaɓa da ido sai ya ɗauki ta farko. Saboda haka ka nemi maɓallin da kanka. Yana cikin jerin ƙananan maɓallai kusa da giya ko gefen sitiyari, da zanen ƙafafun mota huɗu da alamar X a tsakanin na baya. Idan ka tarar da baƙar roba lafiyayya a gurbinsa, babu shi ke nan.

Dillali zai iya ce maka motar tana da A-TRC, wato na'urar da ke matse birkin tayar da ke juyawa a banza don ƙarfi ya koma ɗayar. Tana aiki, kuma tana fitar da mota daga wurare da dama. Sai dai ba ta fara aiki sai taya ta riga ta fara sulɓewa, kuma a doguwar laka birki yana ɗaukar zafi. Mafi kyau a samu duka biyun. Ana iya sa makulli daga baya, amma aiki ne na buɗe aksil da ke son gwani, yana da tsada, kuma yana iya taɓa garantin motar.

Mataki na biyar: inji, da kuma kasuwar da aka ƙera motar dominta

Sau da yawa aji da inji a ɗaure suke, ba za ka samu babban inji a ƙaramin aji ba. Ga waɗanda aka fi gani a Hilux. Fetur 2.7 mai ƙarfin doki wajen 164, shi ne ya fi yawa a Najeriya: ba shi da tabo, wato na'urar cusa wa inji iska, ba shi da rikici, ko bakaniken ƙauye zai gyara shi, amma yana shan mai kuma yana nishi idan an yi masa lodi a hawa, balle a Mambila inda tsayin ƙasa ya haura mita 1,500 iska ta yi ƙaranci. Dizal 2.4 mai tabo, doki 150 da ƙarfin murɗa Nm 400. Dizal 2.8, wanda tun gyaran 2020 ya kai doki 204 da Nm 500 a mai otomatik. Sai fetur 4.0 mai silinda shida da aka fi samu a motocin ƙasashen Larabawa na Gulf, mai daɗin tuƙi a rairayi, mai ƙishirwa ƙwarai. Akwai kuma tsohon dizal 3.0 mara tabo mai suna 5L-E, wanda ƙarfinsa bai kai doki 100 ba, amma ƙungiyoyin agaji suka daɗe suna sayensa saboda yana jure man da bai da tsafta.

A ganina dizal 2.4 ya wadatar da mafi yawan masu gona da 'yan kwangila. Kwatanta Nm 400 ɗinsa da 245 na fetur 2.7, za ka gane dalilin da ya sa yake tashi da kaya ba tare da an ƙona kuloci ba. Na 2.8 na mai jan tirela ne ko mai lodi kullum a doguwar hanya. Tankin duka lita 80 ne, don haka dizal zai kai ka nesa kafin ka nemi gidan mai, abin da ke da muhimmanci a inda gidajen mai suke da tazara.

Amma dizal na zamani yana da sharaɗi. Nozul ɗinsa suna fesa mai da matsi mai tsananin gaske, ɗigon ruwa ko ƙura a cikin man yana lalata su, kuma canza su ba ƙaramin kuɗi ba ne. Idan a bakin hanya cikin jarka kake sayen mai mafi yawan lokaci, ko dai ka ƙara matatar mai ta biyu mai raba ruwa, ko ka haƙura ka ɗauki fetur.

Sannan ka tambayi kasuwar da aka yi motar dominta, don wannan ya fi sunan aji nauyi. Hilux ɗin da aka yi wa Turai tana da matatar toka a salansa da ake kira DPF, da tankin wani ruwa mai suna AdBlue. An tsara su ne don man da sinadarin sulfur ɗinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba. Idan man ya fi haka datti, ko kuma motar tana yawan tafiyar hawainiya a gona ba ta samun gudu, matatar tana toshewa, kwamfutar motar ta rage ƙarfin inji, kuma idan ruwan AdBlue ya ƙare motar tana iya ƙin tashi. Babban aji na Turai, komai kyansa, zai iya zame maka ciwon kai a Gaidam. Wadda aka yi wa Afirka ko Gulf ta fi dacewa da manmu da zafinmu. Haruffa uku na farkon lambar shasi mai alamomi 17 suna faɗin inda aka ƙera ta: MR0 Tailan, AHT Afirka ta Kudu, 8AJ Ajantina. Wannan masana'anta kaɗai yake nunawa, ba kasuwa ba, don haka ka leƙa ɗakin inji da gefen murfin tankin mai ko akwai ƙaramin murfi shuɗi na AdBlue, ka kuma nemi takardar da ta bayyana kasuwar.

Mataki na shida: manuwal ko otomatik

Otomatik ta fi sauƙi a rairayi domin ba ta yanke ƙarfi lokacin canza giya, kuma tana kare motar daga direban da ke kwantar da ƙafa a kan kuloci. Manuwal ta fi araha, ana tura ta ta tashi idan batir ya mutu, gyaranta kuma ba ya bukatar babban gari. Manyan azuzuwa da yawa otomatik kaɗai suke zuwa.

Mataki na bakwai: kalli tayoyin da kyau

A nan hawa aji yakan zama koma-baya. Matsakaicin aji yana zuwa da taya 265/65 R17, babba kuma da 265/60 R18. Lambar tsakiya ita ce tsayin gefen taya idan aka kwatanta da faɗinta, don haka ta farko tana da roba wajen milimita 172 tsakanin rim da ƙasa, ta biyu 159. Bambancin kamar kaɗan ne, sai ranar da ka sauke iska zuwa 18 ko 20 don ka ratsa rairayi, ko ka daki bakin rami da gudu. Roba mai tsayi tana shimfiɗuwa, tana shanye duka, tana kare rim. Ƙaramin aji kuma yakan zo da rim na ƙarfe, wanda idan ya lanƙwashe ana buga shi da guduma ya miƙe a ci gaba da tafiya. Na alminiyon mai sheƙi tsagewa yake yi.

Ka karanta gefen tayar: H/T ta kwalta ce, A/T ta kwalta da daji, M/T ta laka. Yawancin sababbin motoci, har da manyan azuzuwa, da tayar kwalta suke fitowa. Ka sa kuɗin tayoyi biyar A/T cikin lissafinka tun yanzu, ka kuma tambayi masu sayar da taya a garinku wane girma ne ba ya yankewa a wurinsu. Leƙa ƙarƙashin bodi ka tabbatar safayar girmanta ɗaya da sauran.

Mataki na takwas: kada a yi rowa a kayan tsira

Na yi ta kare ƙananan azuzuwa, amma a nan dole in ja birki. A wasu kasuwanni ƙaramin aji yana zuwa da jakar iska biyu ko uku kacal, babba kuma da bakwai, har da na gefe da na labule masu kare kai idan mota ta kife. Akori-kura doguwa ce, bayanta ba nauyi idan babu kaya, kuma a burji mai tsakuwa bayan yana saurin zamewa. Na'urar VSC, wadda ke matse birkin taya ɗaya-ɗaya don dawo da motar kan hanya idan ta fara juyawa, ita ce abin da ke tsakanin firgita da kifewa. Ba a ƙara ta daga baya, haka ma jakunkunan iska. Idan iyalinka ko ma'aikatanka za su riƙa shiga motar, kada ka sauka ƙasa da ajin da ke da VSC da jakunkunan gefe, ko da hakan na nufin ka ƙara wata uku kana tara kuɗi. Rubutun SRS a gefen kujeru da saman ginshiƙan ƙofa shi ke nuna inda jakunkunan suke, ka ƙirga su.

Na'urorin da suka fi wannan, irin su kyamarar da ke bayan gilashin gaba da na'urar hango mota a hanci masu taka birki da kansu, suna da amfani a babbar hanya. Sai dai ka sani cewa ƙarfen kariya da ba a yi shi dominsu ba yana rufe musu ido, kuma idan gilashi ya fashe aka canza, sai an sake saita kyamarar da kwamfuta.

Mataki na tara: azuzuwan ƙoli masu sunan daji

Hilux GR Sport da Ranger Raptor su ne ke sa matasa tsayawa a bakin titi. Kuma ba fenti kaɗai ba ne. GR Sport ta 2023 an faɗaɗa mata tsakanin ƙafafu, an canza shokazoba, an sa birkin faifai a baya, a wasu kasuwanni an ɗaga injin 2.8 zuwa doki 224 da Nm 550. Raptor ta wuce nan: injin fetur 3.0 mai tabo biyu, shokazoba na Fox, makullin aksil gaba da baya, sifirin mai murɗi a baya a maimakon na ganye. An gina ta ne don gudu a mummunar hanya, kuma a wannan fage babu kamarta.

Amma sifirin mai laushi ba ya son kaya. Raptor tana jan kilo 2,500 ne, alhali Ranger ta yau da kullum tana jan 3,500, kuma abin da take ɗauka a baya ya gaza na ƙananan 'yan uwanta sosai. Shokazobarta ɗaya idan ta fashe, ba a kasuwar kayan gyara ta kusa za ka same ta ba. Mai buhuna da ma'aikata ba motarsa ba ce. Wanda kuma aikinsa ya fi ƙarfin Hilux gaba ɗaya, kamar lodi mai nauyi a hamada, ba aji zai hau ba, Land Cruiser 79 mai sandar aksil gaba da baya zai duba.

Tsakanin waɗannan da matsakaicin aji akwai na alatu, irin su Legend a Afirka ta Kudu, Adventure a Gulf, ko Wildtrak a Ranger. Mafi yawan abin da suke ƙarawa na jin daɗi ne: fata, lasifikoki, fitilun LED, murfin bodi mai naɗewa. Murfin nan yana cin wuri a bodi, kuma ƙurar hunturu tana shiga layinsa ya riƙa cijewa. Fitilar LED kuwa haskenta na da kyau da dare, sai dai idan dutse ya fasa ta gaba ɗayanta ake canzawa.

Mataki na goma: raba takardarka gida biyu, sannan ka yi lissafi

A hagu ka rubuta abin da ba a ƙarawa cikin sauƙi bayan an saya: gida, inji, giya, taimako, makullin aksil, VSC, jakunkunan iska, kasuwar da aka yi motar dominta. A dama ka rubuta abin da kowane gareji mai kyau zai sa maka: allo, kyamarar baya, rigar kujeru, matakalar gefe, shimfiɗar bodi, tayoyi, farantin ƙarfe na kare cikin inji, bututun shaƙar iska na sama. Game da bututun nan, wanda ake sawa don ratsa ruwa, Toyota ta ƙayyade zurfin ruwan da Hilux mai taimako za ta ratsa a milimita 700, Ford kuma 800 a Ranger, kuma hawa ajin alatu ba ya ƙara ko ɗaya.

Yanzu ka nemi aji mafi ƙanƙanta da ya cika duk abin da ke hagu. Wannan shi ne ma'auninka. Duk ajin da ke sama da shi, ka cire farashin biyun, ka rubuta abin da ƙarin kuɗin ya sayo ɗaya bayan ɗaya, ka tambayi nawa za a sa maka su a waje. Mafi yawan lokuta matsakaicin aji, irin su SR, Raider ko GLX a Hilux, ko XLT a Ranger, shi ke cin wannan gwaji, kuma ragowar kuɗin ya isa tayoyi da farantin ƙasa da matatar mai. Idan kuma kai ne za ka riƙa zama a cikinta awa shida a rana, kujera mai kyau da na'urar riƙe gudu ba almubazzaranci ba ne, ka saya da saninka. Wajen sayarwa ma matsakaicin aji ya fi saurin samun mai saye, don hukumomi da 'yan kwangila shi suke nema.

Mataki na ƙarshe: ranar ɗauka

Ka tafi da bakanikenka, da tsohuwar tabarma ta kwanciya a ƙasa. A kasuwanninmu ana ɗaukar ƙaramin aji ko tsohon zubi a canza masa bamba da fitilu da tambari ya koma kamar na ƙoli, don haka tambarin bayan mota ba hujja ba ne. Ka gwada lambar shasi ta jikin faranti da wadda aka buga a kan ƙarfen shasin kansa, da ta takardun kwastan, da ta rasit, harafi bayan harafi. A sa lambar samfurin cikakkiya a rasit ɗin, ba sunan aji kaɗai ba.

Ka tambayi wa zai ɗauki nauyin garanti, kuma a wane gareji. Motar da aka shigo da ita ta hannun 'yan kasuwa daga Dubai tana iya zama sabuwa fil, amma ba lalle wakilin kamfani na ƙasarku ya karɓi garantinta ba. A rubuta maka shekaru da kilomita.

Daga nan ka roƙi a fita da ita zuwa fili mai ƙasa, ba kwalta ba. Murɗa zuwa H4 ka ga fitilar ta tsaya. Tsaya cak, fitar da giya, sa L4, ka ji yadda motar ke rarrafe da kanta ba ka taka komai ba. Danna makullin aksil, ka matsa gaba a hankali kana ɗan karkata sitiyari har fitilarsa ta daina ƙiftawa. Sannan ka kashe su ɗaya bayan ɗaya, makulli da farko, ka tabbatar kowace fitila ta mutu kafin ku hau kwalta. Kafin ka sa hannu, a sauko da safayar a gabanka da sandar da ke cikin kayan motar, a nuna maka jak da sifanar taya, a kuma ba ka makullin tayar da mota na biyu.